Mai Hannu a Aljihu

Tsohon ya sake zuwa. Matar fasto tana cikin jera kujerun yara ta hango shi ta gilashin ƙofa. Yana can kan bencin tsallaken titi cikin doguwar kwat mai ruwan toka, hannun dama a aljihu kamar kullum, ya kafa wa shagonsu ido.

Shagon dai a da wurin wankin kaya ne, har yanzu bututun ruwa na leƙowa daga bango a bayan mumbari. Nan ita da mijinta suka buɗe coci, bayan ikilisiyarsu ta gida ta aiko su wannan ƙasa mai nisa. Abin da ya fi ba ta mamaki, daga nan aka kai wa iyayensu bishara, amma yau manyan majami'un garin tattabaru ne ke cika su. Ran Lahadi manya ba sa cika layi biyu. Taron yara na ranar Asabar shi ke riƙe da aikin, shi ɗin ma da ƙyar aka ba su izini. Jami'ar ofishin unguwa ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, duk ranar da wani maƙwabci ya kawo ƙara da hujja, za a soke izinin.

"Waya ce a aljihun nan," in ji ta. "Ɗaukar mu yake yi."

"Ta cikin aljihu?" Fasto ya yi dariya. "Lallai wayarsa ta fi tamu ido."

"Murya fa? Ya ce muna damun unguwa da hayaniya, shi ke nan an kashe mu."

Fasto mutum ne mai kyautata wa kowa zato, abin da ke ƙona mata rai ke nan. Ita kuwa ta sa wa tsohon ido, ta kuma gano wani abu. In yara na zane ko tana ba su labari, gyangyaɗi yake yi. Amma da an fara waƙar rufe taro sai ya miƙe zaune, ya miƙo wuya, leɓɓansa na motsi. Lissafin yaran yake yi, ta raya a ranta, ba shakka.

Waƙar daga ƙauyensu ta zo da ita, ta juya ta zuwa harshen yaran. A baitin ƙarshe kowa zai ɗaga hannun dama sama, yatsu uku a miƙe, na ƙarshe biyu a lanƙwashe. Haka uwarta ta koya mata, haka kowa ke yi a garinsu tun zuwan 'yan mishan, kuma dattawan coci sun ce ukun nan Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Fasto, da yake ɗan wani gari ne, yakan tsokane ta wai a duk duniya mutanen ƙauyensu kaɗai aka ba wannan wahayi. Yaran kam suna son wurin, har rige-rigen ɗaga hannu suke yi.

Ta sayo labule ta rataya. Asabar ta gaba da ta ɗaga gefensa ta leƙa, ba kowa a kan benci. Har ta fara godiya ga Allah, sai ta ga inuwar kwat dab da ƙofa. Ya tsallako titi, ya jingina kunne da gilashi. Wata uwa da ta zo ɗaukar tagwayenta ta gan shi a haka, ta ja hannun 'ya'yanta, ba su ƙara dawowa ba.

Cikin makon jami'ar ta bugo waya ta ce za ta zo ta ga taron da idonta. Ba ta faɗi dalili ba. Matar fasto ba ta buƙaci a faɗa mata ba.

Ranar, jami'ar ta zauna a kujerar baya ta harɗe ƙafa. An yi zane, an yi labari, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Da lokacin tashi ya yi, matar fasto ta ce wa yaran yau ba waƙa, addu'a kawai za a yi. Suka ɓata rai. Ita ma ta ji zafin abin, don tun tana yarinya ba ta taɓa tashi daga taro ba tare da waƙar nan ba.

Suna cewa amin aka turo ƙofa. Tsohon ne. Kusa da kusa ya fi yadda ta zata tsufa, sai haki yake yi. Ya dubi yaran, ya dubi jami'ar, ya ce, "Yau ba a yi waƙar ba."

Wato ya kawo hujjarsa ke nan, a gaban mai soke izini. Fasto ya taso zai yi maraba da shi, ta riga shi. Tsoron da ta daɗe tana haɗiyewa ya koma fushi.

"Baba, me muka yi maka? Mun baro gida da dangi saboda yaran nan, kai kuma ka hana mu sakat. Ga hukuma nan zaune. Fito da abin da ke aljihunka kowa ya gani!"

Jami'ar ta sauke ƙafarta.

Tsohon ya zaro hannunsa a hankali ya ɗaga shi sama. Ba waya, ba komai, sai yatsu uku da tsohon tabo a inda biyu suka guntule. Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da ita da harshen ƙauyensu, "'Yata, ni na kai waƙar nan garinku. Na yi ta fama da iyayenku su buɗe yatsunsu duka, ni ne ba ni da sauran."