Kifi na Arba'in

Na ce, "Auta, buɗe ƙofar nan, abincinki ya huce."

"Inna, bari in sake duba lissafin."

Wata uku ke nan tana kulle a ɗaki da kwamfutarta. Ita ta yi karatun teku. Ita ta lissafa cewa in kowane mai nutso ya cire wani baƙon kifi mai ƙaya guda arba'in a rana, ƙananan kifayen da yake cinyewa za su tsira, duwatsun murjani su farfaɗo. Babanta, wanda shi ma mai nutso ne, ya riƙe lambar kamar farilla. "Likitar kifi ta ba da umarni," haka yake tsokanarta.

Ranar da abin ya faru, ya fito daga ruwa a gajiye ya miƙo min kwando cikin kwalekwale. Na ƙirga na ce, "Talatin da tara." Ya yi dariya, ya koma ruwa don ya cike. Bai sake fitowa ba.

Auta ta ce lambarta ce ta kashe shi. Kullum ina ce mata kwanansa ne ya ƙare.

Abu ɗaya na kasa faɗa mata. Da na juye kwandon a gida, sau uku na ƙirga. Arba'in ne cif.