Ƙarafan Takalmin Lyndon

Corbin ya goga ƙarfen da ke ƙasan takalmin gudu kan ƙanƙara na Lyndon a simintin ɗakin canja kaya har kaifin ya mutu. Ya yi wa ɗayan haka, ya mayar da su ƙarƙashin benci.

Shekara uku ke nan yana zaman benci a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta jami'arsu a Manitoba, Lyndon yana tsaron gida, 'yan kallo suna rera sunansa. Yau wasan ƙarshe. Corbin ya gaya wa kansa ba rauni yake so abokinsa ya ji ba. So yake dai Lyndon ya zame sau biyu a gaban jama'a, koci ya waiwayo benci.

Ya fita shan kofi. Da ya dawo, koci ya tare shi a ƙofa.

"Kai za ka tsare gida yau. Tun Litinin Lyndon yake damuna, wai babanka zai tuƙo mota awa tara, kuma bai taɓa ganinka a fili ba."

Sai ga Lyndon yana dariya, riƙe da takalman Corbin.

"Sarkin benci, yau za ka san sanyin ƙanƙara! Na ga ƙarafanka sun tsufa kamar haƙoran kakana, sai na cire na sa maka nawa. Jiya aka wasa mini su. Maza ɗaura, saura minti biyu."

Ta ƙofa Corbin ya hango babansa a layin gaba, tsaye, yana ɗaga masa hula.