Karkanda a Bangon Paris

Akwai wanda ya yi kisa a Paris yana sanye da kwat, da kofin lemo a hannunsa, kuma har yau ba wanda ya ce masa don me.

Mutmainna 'yar Damagaram ce. Da ta gama karatu sai ta samu aiki a Lyon, a biron wata ƙungiyar kare namun daji. Aikinta ɗaya ne, ta zauna gaban allo ta sa ido kan wani jan ɗigo. Ɗigon nan karkanda ce, ita kaɗai ta rage a dajin wasu makiyaya can gabashin Afirka. An huda ƙahonta, an dasa 'yar na'ura mai nuna inda take.

Yarjejeniyar da aka yi wa makiyayan ba tausayi a cikinta. Muddin karkandar na da rai, daji nasu ne, su yi kiwo a gefe, su bar mata tsakiya da tafki. Ran da ta mutu kuwa, kamfanin rake zai shigo da katafila, kowa ya kwashi 'ya'yansa da shanunsa ya san inda ya nufa.

Shugaban masu gadin karkandar wani dattijo ne cikin makiyayan, Galgalo. Da guntun Turanci suke magana da Mutmainna, kuma duk sanda ta kira shi sai ta ji yana haki.

"Baba, a aiko mana da sabon hotonta mana."

"'Yata, kunya gare ta. Bar ta kawai."

Ɗigon dai ba ya fashi. Ya fita da safe, ya kewaya tafki, in rana ta karkata ya ɗan tsaya cikin sarƙaƙiya, sannan ya wuce. Da watan azumi ya rage yawo. Masana suka haɗu suka ce zafi ne.

Sai direktan ƙungiyar ya shirya wa masu ba da taimako liyafa a Paris, ya ce a haska musu taswirar a bango, kai tsaye.

"Direkta, wannan fa sirri ne," in ji Mutmainna. "Kan ƙahon nan ake kashe mutane."

Direktan ya gyara kwat ɗinsa, da kofin lemo a hannu. "Madmazel, wanda bai gani ba, ba ya bayarwa. Kunna."

Ta kunna. Ga tafki, ga sarƙaƙiya, ga hanyar mota, ga jan ɗigo yana rarrafe. Aka ɓarke da tafi. Wani mutum a can baya bai tafa ba. Ya ɗaga salula, ya ɗauki hoton taswirar, ya sake ɗauka, ya fice tun ba a kawo abinci ba.

Tun daga cikin jirgin ƙasa na komawa Lyon ta kira Galgalo.

"Baba, an ga inda take. Ku ƙara mutane, ko ku kora ta wani waje."



"In ta canja hanya, manyanku za su zo dubawa. Ni kaɗai take yarda da ni. Ki sa mu a addu'a."

Ranar Alhamis, da la'asar ɗin can, ɗigon ya shiga sarƙaƙiya ya tsaya kamar kullum. Tsayuwar ta yi tsawo. Can sai ya zabura ya hau hanyar mota, ya miƙe da gudun da babu dabbar da ke yin irinsa. Sannan ya mutu.

Ta kira Galgalo har yatsanta ya gaji. Ba a ɗauka ba.

Makiyaya sun bi sawu, amma ba gawar karkanda suka je nema ba, don tun farin bara tsufa ya kashe ta, su da kansu suka binne ta. Galgalo suka samu, goshinsa a ƙasa inda ya tsaya sallar la'asar, an yanke igiyar jakar da yake yawo da ƙahon a ciki kullum don kada ɗigon ya tsaya. To, in ka isa, ce mini ba mai kwat ɗin nan ne ya kashe shi ba.