Zafin Kabaid

Da ya fito daga ƙarƙashin mota, sai ya ga 'yan makaranta sun cika ƙofar shagon waldarsa a Makera. 'Yarsa na cikinsu. Shi da bakinsa ya kafa mata doka tun ranar da ta shiga sakandare: duk wanda ya tambaya, ubanta a matatar mai yake aiki.

"Oga, ka taimaka mana," in ji malamar kimiyya. "Ba mu da kayan gwaji. So nake su ga yadda haɗuwar abu biyu ke fitar da zafi."

Ya sunkuyar da kai, ya zuba duwatsun kabaid, masu ba da gas ɗin walda, a tanki, ya sakar musu ruwa. Ko inda 'yarsa take bai duba ba.

"Ku taɓa tankin," in ji malama. "Dutse da sanyi, ruwa da sanyi. To daga ina zafin ya fito?"

Yara suka ja baya suna toshe hanci saboda warin gas. 'Yar tasa kaɗai ta matso.

"Ke yarinya, koma baya," ya ce, kamar bai taɓa ganinta ba.

Ta dafa tankin da bayan hannu yadda yake yi kullum, ta rage famfon ruwan.

"Baba, ruwan ya yi yawa. Malama, ƙarfin a cikinsu yake, sai sun haɗu yake fitowa. Babana ya nuna min."

Yara suka hau tafi. Shi kuwa ya jawo baƙin tabaran walda ya rufe idonsa, alhali bai kunna wuta ba.