Iskar Ɗakin Abba

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya.

Kwana uku ke nan Abba yana killace da korona a ɗakinsa, a gidanmu na unguwar Taman Melati, sai na buɗe littafinsa na jiragen ruwa. A ciki na ga wani tsohon jirgin yaƙi mai nutso: tsawon gangar jikinsa ƙafa arba'in, faɗinta ƙafa huɗu, maza takwas a cunkushe. Idan kyandirinsu ya mutu, iska ta ƙare ke nan.

Na kasa zama. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Umma, na shiga auna bangon ɗakin daga waje.

"Ke, riga za ki ɗinka wa bangon?" in ji Umma daga kicin.

"Aikin makaranta ne, Umma."

Sau uku na buga lissafin. Ɗakin ƙarami ne, ƙofa a rufe, an toshe ƙarƙashinta da tawul. Lissafina ya ce iskar Abba ba za ta kai la'asar ba. Kuma tun azahar ban ji tarinsa ba.

An hana kowa taɓa ƙofar. Na ɗaura takunkumi biyu, na murɗa hannun ƙofar.

Sai ga taga a wangale, labule yana kaɗawa, Abba ya baje yana minshari. Ban sa taga a lissafina ba.

Na ja ƙofar a hankali, na sulale wanke hannu kafin Umma ta leƙo.