Rabin Bulo Don Wilf Garside

Rabin bulon yana cikin aljihun kwat ɗin tsohon tun safe, kuma babu wanda ya sani. Maureen na juya baya za ta ɗauko masa hula ya zaro shi daga ƙasan akwatinsa, ya cusa. Maureen ita ce matar da ke zuwa gidan tsofaffi duk Asabar, ta yanke masa farce, ta yi masa faɗan rashin cin abinci. Mace ce mai kirki, da wani tsohon tabo a girar hagu. Sai dai shegen surutu.

"Baba, riƙe hannuna. Matakalar da santsi."

"Na fi ki sanin matakalar nan."

Da gaskiyarsa. Yau ne wasan ƙarshe na kulob ɗin ƙwallon Calderbeck Town a filin Tanner Lane, filin da ma'aikatan masaƙa suka share da hannunsu a 1893. Ranar Litinin motocin rusau za su shigo, a dasa katon kanti a wurin. An ce a hutun rabin lokaci za a fito da tsofaffin 'yan wasa a yi musu tafi, har da Wilf Garside. Wannan sunan ne ya fito da tsohon daga ɗaki. Abubuwa da yawa sun zube daga kansa, wata rana ko abin da ya karya da shi ba ya tunawa, amma sunan nan yana nan daram.

A ƙofa mai gadi ko tikiti bai nema ba, sai ya cire hula ya buɗe musu. Tsohon ya ja tsaki. Shi ya sa kulob ɗin ya lalace, kowa sai ya shige kamar gidan ubansa.

Aka zaunar da su a layin gaba, dab da ciyawa. Daga nan ko jifan tsoho zai kai.

Garside ɗan wasa ne, wannan ba a ja. Ƙwallo ɗari da arba'in ya ci wa Calderbeck, yawanci da ka, a zamanin da ƙwallon fata kan sha ruwa ta yi nauyi kamar dutse. Sai ranar Asabar ta ƙarshen Afrilun 1971. Ana ruwa, saura minti biyu a tashi, aka ba Calderbeck fenareti. In ta shiga, kulob ya tsira a rukuni na biyu. Garside ya ɗaga ta sama, ta haye raga, ta haye 'yan kallo. Daga nan kulob ya faɗi, ya sake faɗi, masaƙa ta rufe, jama'a suka watse. Shekara hamsin da 'yan kai kulob ɗin bai ƙara tashi ba.

Tsohon bai manta komai na wannan fenaretin ba. Koriyar rigar mai tsaron gida, giɓin da ke haƙoransa na gaba, taɓon da ya toshe ɗinkin ƙwallon. Duk tsaf yake ganin su.

Yana tuna yammacin ranar ma. Taga ta tarwatse, jaririya ta tsala kuka, wata mace tana ihu, ga bulo a kan darduma da jini a gefensa. Lallai shi ya jefa, in ba haka ba me bulon yake yi a akwatinsa? Abin da ya sani kawai, bai sami mutumin ba. Wannan ne ke cin ransa har yau, kuma yau ce damarsa ta ƙarshe.

Wani tsoho mai sanda da ke zaune a gefensa ya zungure shi. "Kai ma ba ka mutu ba, tsohon banza?"

"Sai na binne ka. Ta wace ƙofa Garside zai fito?"

Mai sandar ya fashe da dariya. Ya dubi Maureen, ta girgiza kai a hankali, sai dariyar ta mutu. Ya mai da ido kan ciyawa.

Aka tafi hutu babu ci. Mai sanarwa ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce "Denny Ackroyd", sai ga mai sandar ya miƙe yana ɗingishi ya shiga fili. Ashe ɗan wasa ne. Tsohon bai kula ba, hannunsa na cikin aljihu.

"Na ƙarshe kuma," in ji mai sanarwa, "wanda ya fi kowa ci mana ƙwallo a tarihi. Wilf Garside."

Filin duka ya miƙe tsaye. Tafi suke yi, wallahi tafi, ga mutumin da ya kashe su. Tsohon ya zaro bulon, ya kafe ido a ƙofar da 'yan wasa ke fitowa. Babu kowa. Ya duba hagu, ya duba dama. Tafin sai ƙaruwa yake, har sun fara rera sunan.

"Matsoraci," ya ce. "Ya ƙi fitowa."

Maureen ta ga abin da ke hannunsa. Ba ta tambaye shi inda ya samo ba. Yatsunta suka tafi kan tabon girarta, tabon da bulon nan ya yi mata tana jaririya a gidan mahaifinta, hawaye suka zubo mata. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye bulon a ƙarƙashin kujera, ta gyara masa hula, sannan ta kama shi a hammata.

"Tashi, Baba," ta ce. "Kai suke kira."