Matakalar da Baba Ya Zame

"Kunna na zafi," in ji Umma.

Ina tsaye riƙe da tiyon injin wanki mai feshin ruwa a gaban matakalar katakon da ke bayan gidanmu. A kanta Baba ya zame ranar Talata, ya faɗo, ko shurawa bai yi ba.

"Umma, sana'ata ce fa. Katako ba ya son ruwan zafi, tsagewa yake yi. Na sanyi ya isa ya ɗauke ƙura da gansakuka."

"Na ce na zafi."

"Ai sai wuri ya sha mai ake sa na zafi."

Na fesa na sanyi a matakin sama don ta gani da idonta. Ruwan ya ƙi kama katakon, ya dunƙule yana gangarowa yana ƙyalli. Na shafa da yatsa, na shinshina. Man girki ne. Haka mataki na biyu, haka na uku.

Na waiwaya. Umma tana gyara mayafinta da hannun hagu, domin na daman bai ƙara miƙewa ba tun ranar da Baba ya karya shi.

Na sunkuya, na kunna na zafi.